Daga sankira zuwa saƙon murya: wa ke riƙe da labarin Damagaram?

A farkon watan Satumbar 2024, bayan an kwashe kwanaki ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne da ke tsaye tun ƙarni na 19, kakanni da jikoki sun yi salla a cikinsa, baƙi kuma ba sa barin garin sai sun je sun gan shi. Da yawa daga cikinmu ba a rediyo muka fara jin labarin ba, a waya muka gani. Waɗanda ke kusa da wurin ne suka ɗaga wayoyinsu suka ɗauka, kafin wani lokaci bidiyon ya isa Yamai da Kano, ya isa hannun ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Libiya da Aljeriya.

Daminar shekarar ta yi ɓarna ƙwarai. Alƙaluman hukuma sun nuna ambaliya ta hallaka sama da mutum 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A cikin waɗannan makonni, wa ya riƙa gaya wa mutane hanyar da ruwa ya yanke, da unguwar da gidaje suka zube, da inda aka tsugunar da waɗanda suka rasa matsuguni? Galibi maƙwabci ne, ko direba, ko ɗan kabu-kabu, ko wata uwa da ta danna waya ta yi magana cikin tashin hankali. Sai dai ta wannan ƙofar da taimako ke shigowa, ta nan hoton ambaliyar wata ƙasa ko ta wata shekara ke shigowa, a liƙa masa sunan Mirriya ko Magarya, kuma mai kallo ba shi da yadda zai bambance.

Idan ana son a gane wannan al'amari, sai an lura cewa aikin labari ba guda ɗaya ba ne. Akwai wanda ya gani, akwai wanda ya kai, akwai wanda ya bincika ko hakan ne, akwai kuma wanda za a riƙe idan zancen ya zama ƙarya. A da, gidan rediyo ko na jarida shi ke haɗa waɗannan duka a ƙarƙashin rufi ɗaya. Waya ta zo ta warwatsa su. Gani da kaiwa sun koma hannun jama'a, kuma sun yi sauri fiye da yadda kowa ya taɓa zato. Bincike ya zauna ba mai shi, domin shi ne ke cin kuɗi da lokaci. Alhaki kuwa ya zama na wanda tsautsayi ya rutsa da shi. A ganina duk rigimar da ake yi kan labaran waya daga nan ta taso.

Ba yau jama'a suka fara sa baki ba

Damagaram gari ne da ya saba da zirga-zirgar labari. Ayarin fatake da ke sauka a Zango suna zuwa da kaya, suna zuwa da labarin Kano da Agadas da abin da ke bayan hamada. Sankira kuma yana zagaya gari ya yi shela da yawun Sarki. Har zuwa 1926 nan ne babban birnin mulkin Faransa a Nijar, kafin a mayar da shi Yamai. Tun daga lokacin aka koma yanke shawara kan abin da ya isa a kira labarin ƙasa a wani gari mai nisan kusan kilomita 900 daga nan. Wannan nisa yana da tasiri har gobe. Abin da ya dami mutumin Kara-kara ko Garin Malam sai ya yi babbar ƙara kafin a ji shi a can.

Rediyo ya rage nisan. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Amurka a 1979, ga Muryar Jamus, ga Muryar Sahel ta gida. Iyayenmu sun rubuta wasiƙu, sun zauna makonni suna jiran a karanta sunansu a shirin amsoshin tambayoyi ko na gaishe-gaishe. A 1990 jaridar Haske ta fito a Yamai ta buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu, aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo. A Zinder, wato Damagaram, tashoshi irin su Anfani da Shukura sun sa talaka ya saba da buga waya ya faɗi damuwarsa, gari duka na ji.

Amma a duk waɗannan matakai akwai mai tsaron ƙofa. Sankira an san bakin wa ya ara. Wasiƙa sai edita ya karanta kafin ta fita. Mai buga waya a shirin kai tsaye, idan ya fara ɓata sunan wani, mai gabatarwa zai katse layin ya ba da haƙuri. Wani lokaci mai tsaron ƙofar yana zalunci, yana danne gaskiya don tsoron masu mulki ko don abin da aka saka masa a aljihu, ba a musun haka. Duk da haka an san shi, an san inda ofishinsa yake, kuma ana iya zuwa a ce masa ka yi kuskure.

Dalilin da ya sa murya ta yi nasara

A wasu ƙasashe, shigar jama'a cikin aikin labari ta rubutu ta zo. A nan ta murya ta zo, kuma dalilin a fili yake. Manyan da ke iya karatu da rubutun boko a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, mata kuma sun fi kowa ƙaranci a ciki. Jaridu kusan duka da Faransanci ake buga su, sanarwar hukuma ma haka. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, yana lissafin kasuwancin miliyoyi a ka, ya daɗe ana ɗaukarsa wanda ba shi da ta cewa a fagen labarai don kawai bai shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, wayoyi masu araha kuma suka yawaita a shekarun da suka biyo baya, sai wannan katanga ta faɗi. Ba a buƙatar harafi ko ɗaya. Ka danna, ka yi magana da harshen da uwarka ta koya maka, ka saki.

Wanda duk ke son ya ga amfanin wannan, ya tsaya kusa da ɗan kasuwar hatsi a Kasuwar Dole da sassafe. Kafin ya kwance bakin buhu ya riga ya kara waya a kunne ya ji saƙonni da dama: nawa tiyar gero ta kwana a kasuwar ƙauyen da ta ci jiya, nawa ake canjin naira da sefa a bakin iyaka, ko motocin Matamaye sun samu wucewa. Kowane saƙo daga bakin wanda ya sani ne, ya san muryarsa, sun yi shekaru suna hulɗa, kuma idan ya yi masa ƙarya yau gobe ba za su sake ciniki ba. Lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a Maris ɗin 2024, irin waɗannan saƙonni su suka zama jaridar ƴan kasuwa.

Haka zancen ruwa. Kowa ya san ƙishirwar Damagaram tsohuwa ce, musamman a watannin zafi. Saƙon da ke cewa famfo ya kawo a unguwa kaza, ko da tsakar dare ne, ya fi wa mai gida amfani a kan duk wani sharhin siyasar duniya. Ga sanarwar rasuwa da lokacin jana'iza, ga cigiyar yaron da ya ɓata, ga neman mai irin jini kaza a asibiti. Waɗannan su ne labaran yau da kullum na gaskiya, kuma babu wata kafa a Yamai ko Landan da za ta taɓa ɗauko su. Shi ya sa ba na tare da masu cewa waya ba abin da ta kawo sai fitina. Wanda ya faɗi haka bai taɓa neman jini da dare ba.

Abin da ke zubewa a hanya

Matsalar tana farawa ne daga inda saƙo ya bar da'irar waɗanda suka san mai muryar. Idan aka tura saƙo daga zaure zuwa zaure a WhatsApp, sunan wanda ya fara yin sa ba ya biyo shi, ranar da aka yi shi ma ba ta biyo shi. Abin da za ka gani kawai shi ne lokacin da ya iso wayarka. Hoto ma, manhajar tana matse shi don ya yi sauƙin tafiya, tana kuma goge bayanan da ke ɓoye a jikinsa na rana da wuri. Don haka mutumin da ya ce "yau da safe" a cikin saƙon da ya yi shekara biyu da suka wuce, kullum aka sake tura saƙon "yau da safe" zai ci gaba da cewa. Wanda ya ce "nan garinmu" kuwa, duk garin da saƙon ya sauka ya zama garinsu. Kamar ruwan ɗan garuwa ne: kana sha don ƙishirwa ta dame ka, ba ka san rijiyar da aka ɗebo shi ba.

Mu kuma muna da wani ƙarin dalili. Harshenmu ɗaya da Katsina da Daura da Zamfara. Bidiyon harin da aka kai a wani ƙauyen arewacin Najeriya, mutanen ciki da Hausa suke kuka, tufafinsu irin namu, gidajensu irin namu. Mutum ɗaya ya ɗora murya a kai ya ce a hanyar Tanut ne, shi ke nan, uwar da ɗanta ya kama hanyar ranar ba za ta runtsa ba.

Akwai wata hanyar da labari ke lalacewa ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba. A fada, wato majalisar hirar samari, bayan isha'i, ana dafa shayi, wani da ya yi karatu ya ga rubutu da Faransanci a Facebook. Sauran suka ce ya fassara musu. Rubutun ya ce ana zargin abu kaza, ana jiran tabbaci daga hukuma. Mai fassara ya taƙaita, ya ce an ce abu kaza ya faru. Na kusa da shi ya ɗauki waya ya aika wa zauren danginsu cewa abu kaza ya faru. Washegari saƙon ya dawo wa mai fassarar ta wani zauren, da muryar wani dattijo mai natsuwa da ke rantsuwa cewa daga majiya mai tushe ya samo, har shi ma ya ƙara gaskatawa tunda ga shi ya ji daga wuri na biyu. A kowane mataki shakka ce ke zubewa, tabbaci yana ƙaruwa, alhali ba wanda ya ƙara sanin komai.

Kamfanonin da ke da waɗannan manhajoji sun san da haka. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke, ba mai iya karanta su sai mai aikawa da mai karɓa. Wannan kariya ce ga sirrin mutane, amma kuma yana nufin ƙarya na iya zagaya gari duka ba tare da wanda zai iya ƙaryata ta ya san tana yawo ba. A 2019 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya tak, da alamar kibiya biyu a kansa. Ya rage gudu, amma duk wanda ya sauke saƙon ya sake ɗora shi, alamar ta ɓace. Zaure ɗaya kuma yanzu yana ɗaukar mutum har 1,024. A ɓangaren Facebook, a farkon 2018 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa fifita abin da mutane suka fi tattaunawa a kai su kuma yaɗa. A aikace, abin da ke tayar da hankali da abin da ke haddasa gardama su suka fi samun wannan gata. Sanarwar ranar rigakafin yara ba ta jan gardama, don haka ba ta yin nisa.

Sai kuɗin mega, wato na hawa intanet. Wanda ya sayi ɗan abin da zai kai shi dare ba zai buɗe dogon rahoto ya karanta ba. Kanun zai gani, ya tura. Yanzu kuma ga fasahar da ke ƙirƙirar hoto da kwaikwayon muryar mutum ta shigo, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, domin amanar da muka gina duk a kan sanin murya muka gina ta.

Garin nan ya san abin da zafin rai na taron jama'a ke iya haifarwa. A ranar 16 ga Janairun 2015, bayan sallar Juma'a, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata mujallar Faransa ta rikiɗe, aka rasa rayuka, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da Nijar. A lokacin wayoyi masu intanet ba su kai yawan na yanzu ba. Duk mai hankali zai tambayi kansa yadda rana irin wannan za ta kasance a yau, da saƙo ɗaya ke iya shiga dubban kunnuwa kafin a sallame salla.

Ina ɗan jarida a cikin wannan?

Ana yawan cewa waya ta kashe aikin jarida. Abin da ta kashe shi ne tseren riga kowa faɗi, domin ba ɗan jaridar da zai riga wanda abin ya faru a ƙofar gidansa. Aikin da ya rage masa shi ne mafi wuya: ya hau babur ya je wurin, ya ji ta bakin ɓangare biyu, ya kira likita ko jami'in da abin ya shafa, ya nemi takarda, ya dawo ya ce ga abin da na tabbatar ga wanda ban tabbatar ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin mai, yana cin kuɗin kira, yana cin wuni.

To wa ke biya? Kasuwar talla a Nijar ƙarama ce, kuma mafi tsokarta a Yamai take. Wakilai da yawa a jihohi albashinsu bai taka kara ya karya ba, wasu ma ba su da tsayayyen albashi, sai ɗan kuɗin mota da masu shirya taro ke bayarwa. Wanda ke rayuwa a kan haka, taron bita da bikin buɗe gini zai fi ɗaukowa, domin binciken dalilin da ya sa rijiyar burtsatsen wani ƙauye ta shekara ba ta aiki ba wanda zai ba shi ko dala a kai. Masu shafukan labarai a Facebook da TikTok, waɗanda wasunsu suna ƙoƙari sosai, su ma da tallan shaguna da na masu magani suke rayuwa, kuma mai talla yawan mabiya yake dubawa. Yawan mabiya kuwa sauri da zafi ke kawo shi. Ga kuma masu karɓar kuɗi a ɓoye su wanke wani ko su shafa wa wani baƙin fenti, su saka rigar labari su fito.

Akwai ƙoƙarin da ya cancanci a ambata. Studio Kalangou, da aka kafa a 2016, ya ɗauki hanyar shirya labarai cikin harsuna biyar, har da Hausa, a watsa ta gidajen rediyon abokan hulɗa, ciki har da na karkara. Tsarin ya nuna cewa ana iya haɗa wakili na kusa da edita mai tantancewa. Amma da tallafin waje aka gina shi, kuma abin da aka gina a kan tallafi yana rawa duk ranar da mai bayarwa ya juya baya.

Doka ta iso kan mai turawa

Mutane da yawa ba su san cewa dokar da ke kare ɗan jarida daban take da wadda ke hukunta abin da aka yaɗa a waya ba. A 2010 Nijar ta yi dokar ƴancin aikin jarida da ta cire ɗauri a kan laifin ɓata suna ta hanyar jarida, aka yaba mata a lokacin. A Yulin 2019 sai aka yi dokar yaƙi da laifukan intanet, wadda ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai iya tayar da hankalin jama'a ta na'ura. Ita wannan ba ruwanta da ko kana da katin aikin jarida. A 2022 aka sassauta ta, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi. A Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da zai iya tayar da hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam, ko da abin da aka yaɗa gaskiya ne.

Shari'ar da ta fi nuna yadda shigar jama'a ke rikita zancen alhaki ita ce ta ƴar jarida Samira Sabou. A Mayun 2020 ta yi rubutu a Facebook kan binciken kuɗin sayen kayan soja. Ba ta ambaci sunan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ba, wani mai bibiyarta ne ya ambace shi a ƙarƙashin rubutun. Ita aka kai ƙara, aka kama ta ranar 10 ga Yuni, ta yi kwana 48 a tsare kafin kotu ta sallame ta. A watan Maris na shekarar ma an tsare ɗan jarida Kaka Touda saboda ya wallafa cewa ana zargin an samu mai cutar korona a wani asibitin Yamai, aka yanke masa ɗaurin wata uku na jeka-ka-gyara-halinka. Idan haka ta samu waɗanda ke da lauyoyi da ƙungiyoyin duniya a bayansu, sai a auna halin admin ɗin zauren unguwa da bai taɓa jin sunan dokar ba.

Ba na cikin masu cewa a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama. An kashe aure da hoton ƙarya, an karya ɗan kasuwa da saƙo ɗaya, an sa yarinya ta kasa fita ƙofar gida. Waɗannan mutane suna da haƙƙi, kuma dole a samu inda za su kai kuka. Damuwata ita ce kalmomi masu faɗi irin "tayar da hankalin jama'a" ba sa bambance mai ƙirƙirar ƙarya da mai nuna gadar da ta karye. Idan tsoro ya shiga, wanda ya fara yin shiru shi ne mai suna da adireshi, wato ɗan jarida da mutumin kirki da ke magana da fuskarsa. Mai lambar waya ta bogi da ke zaune a wata ƙasa ba abin da ya taɓa shi.

Haka zancen toshe hanyoyi. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, wanda aka fafata tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane ɗan Damagaram, an katse intanet ɗin wayoyi na tsawon kwana 10. A Agustan 2023 aka dakatar da RFI da France 24, a Disambar 2024 aka dakatar da BBC na wata uku bisa zargin yaɗa labaran ƙarya kan tsaro. Kowa yana da ra'ayinsa kan waɗannan kafafe, kuma ba laifi ba ne a tuhumi yadda baƙi ke ba da labarinmu. Amma ƙishirwar labari ba ta tafiya don an rufe tasha. Mai sauraron da ya saba kunna rediyo da asuba, idan bai ji komai ba, waya zai ɗauka.

Akwai kuma waɗanda ba a jin su sam, kuma bai kamata yawan surutun waya ya rufe mana ido a kansu ba. Mafi yawan ƴan ƙasar nan har yanzu ba sa hawa intanet. Ƙauyen da ba rezo, wato sabis ɗin waya, makiyayin da ke dajin Tesker, matar da sai ta ari wayar mijinta: waɗannan labari yana iso musu bayan ya bi hannu goma, nasu kuma ba ya fita. Matan da ke da waya ma, da yawa sun zaɓi su tsaya a zauren biki da na adashe, domin duk wadda ta fito fili ta yi magana kan al'amuran gari, zagin da za ta sha ba irin na namiji ba ne. Don haka abin da muke kira ra'ayin jama'a a waya sau da yawa ra'ayin samarin birni ne masu caji da mega.

Abin da za a iya gyarawa daga nan

Ba sai mun je nesa neman ƙa'ida ba. Garin malamai ne, kuma duk ɗalibin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma shi mai gaskiya ne ko a'a. A Suratul Hujurati an umarci muminai su yi bincike idan fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su cutar da wasu cikin jahilci. Wannan tarbiyya tana nan a zaurukan karatu, ba a dai ɗauko ta an shigo da ita zaurukan waya ba. Da mai saƙon murya zai saba da fara maganarsa da faɗin ko shi wane ne, a ina yake, yau wace rana ce, kuma da idonsa ya gani ko ji ya yi, da rabin ruɗanin ya kau, domin ranar da wurin sun shiga cikin muryar, ba mai iya cire su ta hanyar turawa. Admin kuma yana da ikon ya ce a zaurensa ba a saka saƙon da ba shi da waɗannan, kuma idan labari ya tabbata ƙarya ne, wanda ya kawo shi ya dawo da bakinsa ya janye a inda ya faɗa.

Gidajen rediyon gari su ne suka fi dacewa su riƙe aikin tantancewa, domin suna da abin da shafin intanet ba shi da shi: an san ƙofarsu, an san muryoyinsu, suna kaiwa inda rezo ba ya kaiwa. Ɗan gajeren shiri kullum da zai ɗauko saƙonnin da suka fi yawo a ranar, a kira waɗanda abin ya shafa, a ce wannan haka ne wannan ba haka ba ne, sannan a yanka shi a mayar cikin zaurukan da jita-jitar ta fito, zai yi aikin da ɗauri ba zai yi ba. Masu turo hoto da murya daga unguwanni da ƙauyuka su zama idanun tashar, ita kuma ta zama mai bincike. Amma sai an biya wakilin da zai yi kiran, kuma ƴan kasuwar garin da ke cin moriyar sahihin labari kullum safiya su ne na farko da ya kamata su sa tallarsu a irin wannan shiri.

Babban kaso kuwa yana wuyan hukuma. Jita-jita ta fi samun wuri a tsakanin lokacin da abu ya faru da lokacin da mai alhaki ya buɗe baki. Idan aka wuni ba bayani, sannan bayanin ya fito a takarda mai hatimi da Faransanci, to waɗanda aka yi don su ba su ji ba. Kundin sake gina ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Hanya mafi sauƙi ta nuna cewa da gaske ake ita ce ofishin gwamna da na magajin gari da hukumomin lafiya da na ruwa su riƙa fitar da saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, da Kanuri da Fulatanci da Tamashek inda ake bukata, daga lamba ɗaya da kowa ya sani, jami'in ya faɗi sunansa da muƙaminsa da kwanan wata, ya faɗi unguwar da za a ɗauke wa ruwa da ranar da zai dawo, ko hanyar da ta yanke da wadda direbobi za su bi kafin a gyara.